Ruwan AdBlue: ka duba tankin dizal kafin ka murza ki

Kai yaro, wai tambayarka ita ce yaya ake ƙara wa motar gida mai dizal ruwan AdBlue in fitilarsa ta kunna a dashbod. Duk zaman da ka yi a gareji sai an koya maka buɗe marfi? Shuɗin marfi ne, ko yana gefen na dizal ko yana cikin but wajen safaya, ka buɗe ka zuba ka rufe, wannan ko mai wankin mota ya sani. Da ba zan ma amsa ba, to amma ka fama min wani miki.

Ka san me kake zubawa tukuna. Ba mai ba ne, ba kuma maganin ƙara wa inji ƙarfi ba ne yadda wasu ke faɗa. Yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran 67.5 tataccen ruwa. Tankinsa daban, famfonsa daban, cikin salansa ake fesa shi, zafi ya fitar da amoniya daga jikinsa, ita kuma ta warware gubar hayaƙin ta koma naitirojin da tururi. Tun da dokar rage gubar hayaƙi ta Euro 6 ta hau kan sababbin motoci a Turai a 2015 ya zama ruwan dare a ƙananan motocin dizal. Ba ruwansa da inji ko kaɗan, ranar da ya gamu da dizal kuwa ka shiga uku.

Akwai wani mutum da ya taɓa janyo min motarsa, ta iyali ce har da kujerar jariri a baya, ya ce wai ƙin tashi kawai ta yi, AdBlue ya ƙare. Kuma maganar ta hau, da ma haka aka ƙera irin motocin nan, tun saura kamar kilomita 2,400 mota take fara yi maka gargaɗi tana ƙirgawa, in ka yi kunnen uwar shegu har ta kai sifili to da ka kashe ta ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Na jona kwamfuta, abin da ya faɗa shi ta nuna. Na fasa sabuwar jarka da hannuna na cika mata, na murza ki ta tashi lafiya lau, shi kuwa yana gefe yana danna waya ko kallon motar ba ya yi. Ba a jima ba ta fara shaƙewa tana karkarwa, sai ɗif.

Ashe bawan Allahn nan tun a gida ya sayi jarka ya ɗure ta kaf a tankin dizal, da ya ga ba ta tashi ba, ya gane ɓarnar da ya tafka, sai ya goge bakin tankin tsaf ya fito neman wanda zai rataya wa. Kuma ka ga AdBlue ya fi dizal nauyi, ƙasa yake kwanciya daidai inda famfo ke zuƙa, shi kuma babban famfon da ke tura mai da ƙarfi dizal ɗin ne da kansa ke sa shi santsi, ka ba shi ruwa ai ƙarfe ne zai ci ƙarfe. Da na kwance filta ɓurɓushin ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki, nozul duk sun tafi, layukan mai ma sai da aka canja. Na tsiyayo tankin a gora na ɗaga masa a rana, dizal a sama ruwa a ƙasa, tsakaninsu kamar an ja layi da rula. Buɗar bakinsa sai ya ce ai yaronka ne ya zuba. Yaron da ko kusa da motar bai je ba! Jarkarsa fanko na gan ta da idona a ƙarƙashin kujera, ya ce wai ta bara ce. Abokan sana'a suka shiga tsakani, a yi haƙuri a yi haƙuri, ƙarshe ni aka ɗora wa rabin kuɗin kaya, aikin hannuna kuma ya tafi a banza, wai don kar sunan gareji ya ɓaci. Wallahi har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, don da ya faɗi gaskiya ba a tayar da ita ba, sauke tanki ne kawai a wanke shi da layinsa a sa sabuwar filta, shi ke nan fa.

Tun daga nan duk motar da aka janyo min da irin wannan labarin, marfin dizal nake fara buɗewa, in haska tocila in ga ko akwai farin ɓawo a wuyan tankin, don ruwan nan in ya bushe sai ya bar shaida, sannan in zuƙo kaɗan daga can ƙasa in duba. In kuma tambayi mai motar ido da ido me ya zuba, a ina ya zuba. Ku yaran yanzu kun mayar da kwamfuta uwa da uba, abin da ta rubuta shi ke nan, to ba ta gane ƙarya.

Sauran kuma ba sai na yi dogon wa'azi ba. Kar ka zuba daga jarkar da ba kai ka fasa hatiminta ba, ka tabbata ka ga lambar ingancinsa, ISO 22241, a jikinta, wadda ta daɗe a rana kuma ka ƙyale ta don zafi sama da digiri 30 cinye ƙarfinsa yake. Masu jiƙa takin yuriya da ruwan famfo kar ka ko saurare su, toshe mafeshin salansa za su yi. Mazurarin da ya taɓa baƙin mai kar ya zo kusa, in ya ɗiga a fenti ko kan waya ka wanke da ruwa nan take. Kar ka zuba ɗan cikin cokali, wata motar ba ta gani sai ka ba ta litoci, in ka gama ka kunna ki ba tare da ka tayar ba kamar daƙiƙa 30 ta karanta tankin, in fitilar ta ƙi mutuwa sai ka kira ni, kar ka je kana goge lambar matsalar da kwamfuta kana ce min ka gyara.