Tsohon Metal Gear Solid 3 ko sabon Delta: da wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun ina ƙarami nake jin yayyena suna yabon wasan bidiyon nan Metal Gear Solid 3, amma ban taɓa buga shi ba. Yanzu ga shi an sake ƙera shi da sunan Metal Gear Solid Delta. Wasu na cewa tsohon ne kawai aka yi wa fenti, wasu kuma na cewa ya fi na asali nesa ba kusa ba. Mene ne gaskiyar bambancinsu, kuma da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu maganar fenti suna da hujja, domin labari da muryoyi da taswirar daji da wuraren da masu gadi ke tsayawa duk suna nan yadda aka san su. Amma akwai abin da suka tsallake. A wasan sanɗa, abin da idonka ke iya gani da abin da aka ɓoye maka shi ne rabin wasan, kuma daidai wannan wurin Delta ya taɓa. A nan zan fi daɗewa, bayan na ɗan shimfiɗa maka asalin abin.

Kamfanin Konami na Japan ya fitar da Metal Gear Solid 3: Snake Eater a ƙarshen 2004 a kan PlayStation 2, Hideo Kojima ne ya jagoranci aikin. Labarin yana faruwa ne a 1964, a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka. An tura wani sojan Amurka mai laƙabin Naked Snake cikin wani kurmi na Tarayyar Sobiyat domin ya kuɓutar da masanin kimiyya Sokolov, sai malamarsa, wadda ake kira The Boss, ta sauya sheƙa zuwa ɓangaren abokan gaba. Daga baya aka sake tura shi, a wannan karon da umarnin ya kashe ta. Ba zan wuce nan ba, don kada in rage maka daɗin labarin. Shi kuwa Delta ya fito ranar 28 ga Agusta, 2025, a kan PlayStation 5, Xbox Series X da S, da kwamfuta. An gina shi da manhajar Unreal Engine 5, kamfanin Virtuos ya taya Konami aikin. Kojima bai sa hannu ba, domin tun 2015 ya bar kamfanin.

Ina ganin rashin Kojima ne ya sa suka yi taka-tsantsan haka. Sun san duk abin da suka canza a labarin, masoya wasan za su ce sun taɓa kayan da ba nasu ba. Don haka suka ɗauko muryoyin da aka naɗa tun farko, har da ta David Hayter mai yin maganar Snake da Turanci, suka ɗora a kan sababbin fuskoki. 'Yan layuka kaɗan ne aka sake naɗa, galibi masu bayanin madannai. Fitowar da ake nunawa kamar fim tsakanin mataki da mataki ita ma an bi ta sau da ƙafa. Wannan ya sha bamban da abin da Capcom ya yi wa Resident Evil 2 a 2019, ko abin da aka yi wa Silent Hill 2 a 2024, inda aka rushe tsarin wasan aka sake gina shi.

To, maganar kyamara. A fitowar farko ta 2004, kyamarar tana can sama ne, tana kallon Snake daga bisa, ba ka da ikon juya ta yadda kake so. Wasanni biyu da suka gabace shi suna da rada a kusurwar allo, mai nuna maka inda kowane soja yake da inda ya fuskanta. A na ukun aka cire wannan radar, tunda a 1964 ake, aka bar ka da 'yan na'urori masu cin batir. Sai ya zama soja na iya hango ka daga wajen allo, kai ba ka gan shi ba. Dole ka tsaya, ka kwanta cikin ciyawa, ka koma kallo da idon Snake, ka ɗaga madubin hangen nesa, ka kasa kunne ko za ka ji takun sawu, sannan ka ja ciki ka ƙara gaba kaɗan. Mutane da yawa sun yi ƙorafi, kuma ƙorafin nasu na kan hanya. Shi ya sa a bugun da aka kira Subsistence, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 2005, sauran ƙasashe kuma a 2006, Kojima da kansa ya ƙara kyamarar da ake juyawa. Ka riƙe wannan, domin yawancin masu cewa "na asali" wannan bugun na biyu suke nufi, ko waɗanda aka gina a kansa.

Delta ya ƙara matsawa gaba. A tsarin da suka kira New Style, kyamara tana bayan kafaɗar Snake, kana iya saita bindiga kana tafiya, kana iya sanɗa a durƙushe. Wannan tafiya a durƙushe babu ita a bugun PlayStation 2: ko ka miƙe, ko ka ja ciki. Sai a bugun Nintendo 3DS na 2012 ta fara bayyana. Kana iya ganin abin ƙarami ne, amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Filayen wasan an zana su ne domin mutumin da ba ya gani da nisa kuma ba ya iya harbi da sauri. In ka ba shi idon da ke ratsa filin gaba ɗaya da hannun da ba ya rawa, sai fagen da a dā yake ɗaukar minti goma na zullumi ya koma wurin da za ka tsaya daga bakinsa, ka kwantar da masu gadi ɗaya bayan ɗaya da bindigar sa barci, ka wuce abinka.

An taɓa faɗa wa wannan rami. A 2004 aka sake ƙera Metal Gear Solid na farko a kan na'urar GameCube ta Nintendo da sunan The Twin Snakes, aka saka masa damar harbi da idon ɗan wasa, alhali ɗakunan ba a gina su don haka ba. Faɗan da ake yi da wani abokin gaba mai suna Ocelot, wanda asalinsa zagaye ne da ɓuya a bayan ginshiƙai, ya koma tsayawa wuri guda kana harbi. Masu ƙera Delta sun san wannan tarihi, kuma sun yi ƙoƙarin toshe kafar: a sabon tsarin, harsashin bindigar sa barci yana sunkuyawa ƙasa idan nisa ya yi yawa, don haka ba kowane kai ne za ka samu daga nesa ba. Gyaran ya taimaka. Duk da haka, a ganina, bai mayar da duk fargabar nan ta tsohon ba, fargabar mutumin da ya san ana iya kallonsa daga inda shi ba ya gani. Ga mai son ɗanɗana ta, sun bar tsari na biyu, Legacy Style, mai kyamarar sama irin ta dā, har da zaɓin launin nan mai ɗan ruwan ɗorawa da kore da aka san tsohon da shi.

Akwai kuma inda sabon ya fi, babu ja-in-ja. Zuciyar wasan ita ce ɓad-da-kama. A kusurwar allo akwai lamba mai nuna kashi nawa cikin ɗari ka saje da wurin da kake. Kakin da ya ɓoye ka a cikin ciyawa shi zai tona maka asiri a jikin bangon jan bulo. A tsohon, duk sanda ƙasa ta canza sai ka dakatar da wasa, ka shiga jerin zaɓi, ka nemo kaki, ka nemo fentin fuska, ka fito. Taku kaɗan a gaba ka sake komawa. Da yawa gajiya suke yi su bar kaya ɗaya a jikinsu har ƙarshe, wato su watsar da abin da aka gina wasan a kansa. A Delta madanni ɗaya za ka riƙe ka sauya kaya nan take, haka ma kiran rediyo. Wannan gyara ne na gaske, domin ya sa mutane suna amfani da dabarar da tsohon ya ƙirƙira amma ya wahalar da ita.

Haka batun madannai. Abin riƙewa na PlayStation 2 yana gane ƙarfin dannawa. In ka cafke soja ta baya ka danna a hankali, ka riƙe shi ke nan, kana iya tatsar bayani daga bakinsa. In yatsanka ya ɗan yi nauyi, sai Snake ya yanka shi. Wanda ya ƙudurta gama wasan ba tare da kisa ba ya san zafin wannan. Na'urorin yanzu ba su da irin waɗannan madannai, don haka aka rarraba ayyukan, kuma hakan ya fi sauƙin koyo.

Game da hoto, ba sai na ja ba: kurmin ya yi kyau ƙwarai. Laka na manne wa kaki, ganye na maƙalewa, raunin da Snake ya ji yana barin tabo a jikinsa har ƙarshen wasa. Wannan na ƙarshen na fi so, domin ya dace da tsarin jinyar da ke cikin wasan tun asali, inda kai da kanka za ka zaro harsashi da wuƙa, ka wanke ciwo, ka ɗinke, ka ɗaure. Amma kyawun hoton ya zo da nasa cikas guda biyu. Na farko, PlayStation 2 megabait 32 kacal gare shi na babbar ma'ajiyar aiki, shi ya sa aka yayyanka dajin ƙanana-ƙanana, allo ya yi baƙi tsakanin wannan yanki da wancan. Delta ya bar yankan yadda yake. Ido na ganin daji mai faɗi, ƙafa kuma na cin karo da iyaka bayan ɗan taƙi. Na biyu, motsin jikin mutanen an tsara shi ne da zuzutawa, yadda zai dace da fuskokin zane na 2004. Dubi abokan gaban Snake: Ocelot na juya bindigoginsa a yatsa, Volgin na fitar da lantarki daga jikinsa, The Pain na aiko da rundunar zirnako. A tsohon hoto duk wannan ya zauna daram. A kan fuskar da ake ganin ramukan gashin fatarta, wani lokaci sai ka ji abin bai haɗu ba. Ƙari a kan haka, lokacin da ya fito an yi kukan hoton yana sarƙewa a wasu wurare, musamman a PlayStation 5, alhali bugun HD na tsohon wasan, na 2011, yana tafiya sumul da hoto 60 a sakan.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba su share ƙananan hikimomin da suka sa ake ƙaunar wasan ba. Dattijon maharbin nan, The End, wanda ake farautar juna da shi a faɗin daji, har yanzu kana iya harbe shi tun kafin lokacin faɗan ya zo, sa'ad da aka turo shi a keken guragu a bakin ruwa. Ko kuma ka adana wasan a tsakiyar faɗan ka bar shi sama da mako guda, ka dawo ka tarar tsufa ya kashe shi. Kogin abokin gaban nan mai suna The Sorrow yana nan, inda duk wanda ka kashe tun farkon wasa zai taso maka a matsayin fatalwa, tafiyar ta yi tsawo gwargwadon jinin da ka zubar. In ka tarwatsa rumbun abincin sojoji da nakiya, za ka ji suna kukan yunwa, ƙarfinsu ya ragu. Naman da ka farauto yana ruɓewa in ya daɗe a jaka. Dogon tsanin nan da ake hawa kusan minti biyu ba a rage masa ko mataki ba. Kwaɗin roba 64 da aka ɓoye a sassan wasan suna nan, an ma ƙara musu agwagi. Sun kuma dawo da ɗan wasan kama birai a PlayStation da kwamfuta, masu Xbox aka ba su na Bomberman a madadinsa.

Ga shawarata. Tunda ba ka taɓa buga ko ɗaya ba, kuma hannunka ya saba da wasannin yanzu, fara da Delta in na'urarka za ta ɗauka. Ba za ka rasa komai na labari ba. Sai dai kada ka zaɓi mataki mai sauƙi. Ɗaga shi zuwa mai wuya, don masu gadi su tilasta maka yin sanɗa ta gaske. Ka rage dogaro da bindigar sa barci, ka riƙa sauya kaki, ka riƙa kiran rediyo, domin hirar da Snake ke yi da abokan aikinsa ta ƙunshi rabin daɗin wasan da kuma sirrika da yawa. In ka gama, sake zagaye na biyu da kyamarar sama, za ka gane dalilin da ya sa aka ajiye kowane dutse da kowane kututture a inda yake.

In kuwa kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ko Nintendo Switch gare ka, kada ka ji an bar ka a baya. Tsohon yana cikin tarin wasannin nan mai suna Master Collection Vol. 1 da ya fito a Oktoban 2023, da kyamarar da ake juyawa, kuma a jerin nan za ka samu wasa na ɗaya da na biyu. Zai ɗauke ka awa ɗaya ko biyu kafin yatsunka su saba da madannansa, musamman wajen saita bindiga da rarrafe, don haka ka yi haƙuri da shi har ka tsallake gadar igiyar nan ta farko ka isa rusasshiyar masana'antar da aka tsare Sokolov.