Ko kashe jemagu zai kare mu daga annoba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Tun zamanin korona nake jin ana kira da a tausaya wa namun daji, a tsaurara dokar kare su. Abin ya ɗaure min kai. An ce daga jemagu irin waɗannan cututtuka ke fitowa. Mutane na mutuwa, sannan a ce a ji tausayin abin da ya kawo cutar? Me zai hana a karkashe su kowa ya huta?

Amsa: Malam, kana da gaskiya a gefe guda. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin cututtuka masu yaɗuwa daga dabbobi suke tsallakowa zuwa mutane. Sai dai dabarar da ka kawo an riga an gwada ta, kuma ba ta haifar da ɗa mai ido ba.

A 2007 cutar Marburg, ’yar’uwar Ebola, ta kama masu haƙar ma’adinai a ramin Kitaka na ƙasar Uganda, inda dubban jemagu ke kwana. A 2008 aka yi wa jemagun kisan kiyashi, aka toshe ramin. Bayan ’yan shekaru wasu jemagun suka sake cika shi, kuma da masu bincike suka gwada su, sai suka tarar kason masu ɗauke da ƙwayar cutar ya haura ninki biyu na da. Ana zaton garken farko da yawansu sun riga sun samu garkuwa daga cutar, su kuwa baƙin da suka maye gurbinsu ba su da ita. A 2012 cutar ta sake ɓulla a Ibanda, kusa da wurin. Ga shi kuma mai kisan jemagun shi ne ke taɓa jini da gawa, jemagun da suka tsira kuwa su watsu zuwa wasu wurare.

Inda haɗarin yake shi ne yadda mu muke mu’amala da dabbobin. A kamo dabba daga daji, a cusa ta a keji, a yi kwanaki ana tafiya da ita ba ci ba sha, sannan a jibge kejinta a kasuwa, na sama yana fitsari da kashi a kan na ƙasa. Dabbar da ta galabaita garkuwar jikinta takan yi rauni, ƙwayoyin cuta su yi ta fita daga jikinta, ga kuma jinsunan da a daji ba za su taɓa haɗuwa ba suna shaƙar numfashin juna. Wannan azabar da ke sosa min rai, ita ce kuma hanyar da cuta ke bi ta iso mu. SARS, wata cutar numfashi da ta fara a lardin Guangdong na China a 2002 ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774, kuma an gano ƙwayarta a jikin wani nau’in jibda da ake sayarwa da rai a kasuwanni. A 2004 aka kashe dubbansu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin cinikin ya ci gaba. Korona ma, da yawa daga cikin waɗanda suka fara kamuwa a birnin Wuhan na China a Disambar 2019 suna da alaƙa da kasuwar Huanan, inda ake sayar da namun daji da ransu.

Wani lokacin ma mu ne ke shafa musu. A Denmark mutane ne suka sa wa dabbar mink, wadda ake kiwo don fatarta, cutar korona, kuma a Nuwamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin kashe sama da miliyan 15.

Dangane da doka, ranar 24 ga Fabrairun 2020 China ta haramta cin namun daji na tudu da cinikinsu don abinci, ko da yake ta bar ƙofar fata da magani a buɗe. A Afrilun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su dakatar da sayar da namun daji masu shayarwa da rai a kasuwannin abinci. Na goyi bayan wannan, amma takarda ba ta kama ɗan fasa-ƙwauri: tun 2016 yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta hana cinikin ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki, tsakanin ƙasashe, har yanzu ana kama ɓawonsa tan-tan a tashoshin jiragen ruwa. Dole a biya masu gadin daji haƙƙinsu, a kuma sama wa talakan mafarauci wata sana’a, in ba haka ba cinikin zai koma ɓoye, inda babu likitan da zai duba.

Jemage kuwa yana cinye ƙwarin da ke ɓarna a gona, wasu nau’o’insa suna barbarar furanni da baza irin itatuwa. Idan sun shiga rufin gidanka, kada ka ƙone su ko ka sa musu guba. Jira su fita da magariba ka toshe kafar, amma ba a lokacin da suke da ’ya’ya a ciki ba. Kada ka taɓa jemage da hannu, mai rai ko matacce. In ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ka garzaya asibiti don allurar rigakafin ciwon haukan kare.