Yadda ake gane alwatika mai kusurwa digiri 90

Tambaya: Malam, an ba mu tsawon gefuna uku na alwatika, babu zane, aka ce mu faɗi ko tana da kusurwa mai digiri 90. Yaya ake yi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, ka fara ware gefen da ya fi tsawo, ka ninka shi da kansa. Sauran biyun ma ka ninka kowanne da kansa, ka haɗa su. In amsoshin biyu sun zo daidai da juna, akwai digiri 90, kuma kusurwar tana fuskantar dogon gefen. Ka'idar Pitagoras ke nan.

Ɗauki 5, 12, 13: 25 da 144 sun ba da 169, 13 sau 13 ma 169. Ta ci. Amma 4, 6, 8 fa? 16 da 36 sun ba da 52, alhali 8 sau 8 ya kai 64, don haka kusurwar ta buɗe fiye da 90. Da ya gaza 52, da ta tsuke.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne su yi 5 sau 2 maimakon 5 sau 5, ko su cakuɗa mita da santimita. Magina ma da wannan ka'ida suke fitar da sikwayar harsashi: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, igiyar tsakani ta auna 5.