Jan farce mai ɓarewa da wuri

'Yar'uwa, kin ce jan farcenki kwana biyu yake yi ya fara ɓarewa. Yawanci maiƙo ne a farcen. Ki fara goge shi da auduga da ɗan asiton (ruwan goge jan farce), man hannu kuma sai kin gama. Don Allah ki daina lafta shi da kauri: sama ta bushe, ƙasa tana ɗanye, sai ya tashi kamar ɓawon albasa. Shafi biyu marasa kauri sun isa, da minti 3 a tsakani. Ki bi bakin farcen da burushin, don daga bakin ne ɓarewar ke farawa.

In kina son ado, ki tsoma tsinken sakace a farin jan farce, ɗigo biyar a zagaye, rawaya ɗaya a tsakiya, ga fure. Ki rufe da marar kala mai sheƙi.