Littafin cikin na'ura: ana aronsa, ana gadonsa?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ka sayi na'urar nan ta karanta littattafai, kana tambaya ko abin da ke cikinta ana ba da aronsa, ana kuma gadonsa, kamar yadda muka taso muka tarar a gidanmu na Gwandu.

A wurinmu littafi ba ya zama a hannu ɗaya. Ɗalibi kan zo ya durƙusa ya roƙi aro, a ciro masa daga gafaka, ganye-ganye ba ɗinki, a ba shi rabi. In ya kwafe da tawadarsa ya dawo da shi, sai ya karɓi sauran. Ta haka rubuce-rubucen Malam Abdullahin Gwandu suka iso gare mu, yau kusan shekara 200 da rasuwarsa. Mai littafi in ya rasu, littattafansa na cikin dukiyar da magada za su zauna a kai, ko da yake a gidanmu akan yi sulhu a bar su wurin wanda ya fi karatu.

To, na'ura ba ta san sulhu ba. Littafin da ka saya a shagon Amazon don Kindle, na'urar karatunsu, yawanci a kulle yake da asusunka. Izinin karatu aka sayar maka. A 2009 kamfanin ya goge wasu littattafai daga na'urorin mutane, ya mayar musu da kuɗinsu. Microsoft ma da ya rufe shagon littattafansa a 2019, abin da mutane suka saya ya daina buɗewa. Me ɗanka zai gada a nan?

Don haka nemi na'urar da ke buɗe EPUB da PDF, wato nau'o'in fayil ɗin littafi, kai tsaye, ka jona ta da kwamfuta ka zuba abin da kake so. Na'urorin Kobo da PocketBook suna yi, ta Boox kuma Android ce a ciki. Kindle na karɓar EPUB tun 2022, amma sai ka tura ta hanyar Amazon sun juya shi. Ka kuma lura, EPUB ɗin ma akan sayar da shi a kulle. Duba kafin ka biya. Manhajar Calibre ta tara littattafai a kwamfuta kyauta ce, ka tara komai a cikinta, ka ajiye kwafi a gida wurin ƙannenka. Littafin da marubucinsa ke neman abinci da shi kuwa, kada ka raba wa duk gari, haƙƙi ne.

Littattafanmu na Larabci galibi hoton shafi ne aka mai da PDF. A fuska mai inci 6 wasulan sai sun sa ka hawaye. In aljihu zai ɗauka, sayi mai inci 10. Caji ɗaya kan kai makonni, wutar Birnin Kebbi ba za ta dame ka ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, sa mai shago ya buɗe maka rubutun Hausa, ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu. Ka gaida mahaifiyarka.