Ga ƙanenmu da zai fita gasar gudun ratsa daji a ƙasar waje

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce an zaɓe ka cikin waɗanda za su je gasar gudun ratsa daji a Turai, ba ka taɓa fita waje ba, kuma kana son sanin abin da ya kamata ka fi mayar da hankali a kai. Allah ya sa albarka. Na yi irin wannan tafiyar sau uku ina ɗan wasa, ta farkon kuwa har yau tana min ciwo, shi ya sa zan ɗan ja maganar.

Yawan mintunan da kake yi a kilomita 10 a kan kwalta ko a cikin fili, ka ajiye shi a gefe. A wannan gasar da ƙasa ake faɗa: taɓo, ciyawa mai santsi, hawa, gangara, kwana mai kaifi. Masu shirya gasa da gangan suke tsananta hanya. A gasar duniya ta 2019 a Aarhus ta Denmark, kan rufin gidan tarihi na Moesgaard aka hau da 'yan gudu, rufi mai ciyawa mai tsananin hawa, kuma kowane zagaye sai an sake hawansa. Saboda haka ranar da aka buɗe hanya don dubawa, kada ka zauna a otal kana hutawa. Ka je ka taka ta da ƙafarka, zagaye guda cikakke, wanda yawanci bai wuce kilomita biyu ba. Ka ga inda hanya ta tsuke, inda ruwa ya kwanta, da gefen da ƙasa ta fi tauri. Ni a tafiyata ta farko ban je ba, saboda sanyi ya tsorata ni. Washegari na shiga da takalmi mai gajerun ƙusoshi, milimita 6, irin na fili, alhali an kwana ana ruwa. Duk hawan da na zo sai ƙafa ta zame baya, a zagaye na uku kuma taɓo ya cire min takalmi ɗaya. Watanni na yi ina shiri, abin da tafiyar minti ashirin za ta nuna min shi ya kayar da ni.

Don haka ka tafi da ƙusoshi iri-iri, 9 da 12 da 15, da makullin ɗaure su. Bayan ka ga ƙasar sai ka zaɓa. Idan caɓi ne, ka ɗaure igiya sau biyu ka naɗe takalmin da salatif ta tsakiyar ƙafa. Kuma kada ka sa sabon takalmi ranar gasa, da tsohuwar zuma ake magani. Takalmin da rigar gasa su kasance a jakar hannunka cikin jirgi, domin babbar jaka takan makara. Ƙusoshin ne kawai za ka kwance ka sa a babbar jaka, don masu bincike a filin jirgi suna iya karɓe su.

Sai tashin farko. Ana harba bindiga za ka ga mutane sun zabura kamar tseren mita 400, kowa na neman wuri kafin hanya ta tsuke. Dole ka ɗan bi su don kada a rufe ka a baya, amma da ka samu wuri ka dawo kan numfashinka. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin jini yana tafasa, ga ihun jama'a, ga rigar ƙasarka a jikinka. Ka tuna Joshua Cheptegei ɗan Uganda, a gasar duniya ta Kampala a 2017. A gaban mutanensa ya yi wa kowa nisa, sai a zagayen ƙarshe jiki ya ƙi, yana tangaɗi Geoffrey Kamworor ya wuce shi, ya ƙare na 30. Shekara biyu bayan nan shi ya ci a Aarhus. Letesenbet Gidey ma a Bathurst ta Ostireliya a 2023 tana gaba, saura 'yan taku ta isa layi ta faɗi, Beatrice Chebet ta ɗauki zinare. Cheptegei da Gidey manya ne da suka karya tarihin duniya. In zafi da gaggawa sun yi musu haka, ni da kai sai mu yi lissafi.

Ko da gasar ta juya maka baya, kada ka fita daga hanya sai in rauni ne na gaske. A gasar duniya mutum shida ke gudu wa ƙasa, a haɗa matsayin huɗun farko, mai ƙaramin jimla shi ke gaba. Mutum ɗaya da ka wuce a mita ɗarin ƙarshe yana iya ɗaga ƙasarku.

Maganar takardu a gajarce: ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba fasfo ɗinka yau, ka tabbata akwai aƙalla wata shida a gaba, ka matsa a nemi biza da wuri, ka riƙe kwafin wasiƙar gayyata a jikinka. In da hali ku sauka kwana uku ko huɗu kafin gasa. Zaman jirgi yana kumbura ƙafa, kuma in akwai bambancin lokaci, jiki kan buƙaci kusan kwana guda ga kowace awa kafin barci ya daidaita.

Akwai abin da nake roƙon ka da shi don Allah. Sanyi zai iya sa maka mura, kada ka sha komai sai likitan tawaga ya gani. Wasu magungunan mura suna ɗauke da sinadarin pseudoephedrine, wanda in ya wuce ƙima a fitsari laifi ne lokacin gasa. Tramadol kuma WADA, hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi a gasa tun Janairun 2024. Ba sa karɓar "ban sani ba". Na ga yaro mai hazaƙa yana kuka a kan irin wannan, ban so in sake gani.

Sanyin kansa ana iya masa. Ka ɗumama jiki da kaya a jikinka, hula da safar hannu, kada ka tuɓe sai an kira ku layi, domin a ɗakin tantancewa ana iya tsayar da ku har zufar ta bushe. Safar hannu mai sauƙi ka iya gudu da ita, in ka ji zafi ka yar. Abinci kuma ka ci abin da cikinka ya sani, awa uku kafin tashi, ka bar ɗanɗane-ɗanɗanen otal sai an gama. Ka bar wa koci busassun kaya da safa ya riƙe maka kusa da layin ƙarshe, don minti biyar bayan ka tsaya za ka fara karkarwa.

Ka faɗa min watan da za a yi gasar da ƙasar da za ku, sai in gaya maka irin atisayen hawa da ya kamata ka ƙara a makonnin da suka rage.