Amsa ga ƙanin da ke son zuwa Jamus koyon gyaran motar lantarki: batun birki

Ƙanena, ka ce shekararka shida a gareji a Kano, kana neman gurbin koyon kanikanci a Jamus, kana kuma tambaya ko abin da ka sani na birki zai yi maka aiki a motar lantarki. Rabinsa zai yi. Ɗaya rabin sai ka sake zama ɗan koyo. Horon da suke kira Ausbildung shekara uku da rabi ne, kuma ana neman Jamusanci matakin B1 kafin biza, don haka ka fara da harshen.

A motar fetur, ƙafarka ce ke gaya maka ciwon birki. A motar lantarki ƙafa tana iya yaudararka. Babu injin da zai zuƙo iska ya ba busta, na'urar da ke ƙara wa takun birki nauyi, ƙarfi, shi ya sa aka sauya tsari. Tsofaffi irin Mitsubishi i-MiEV suna da ɗan famfon lantarki mai zuƙar iskar. Tesla Model 3 tana amfani da iBooster na Bosch, ƙaramin moton lantarki ne ke tura masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi. A wasu kuwa, kamar Audi e-tron, fedar ba ta tura mai zuwa tayoyi kai tsaye: sensa ce ke auna takunka, kwamfuta ta raba aikin tsakanin moton motar, wanda ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, da ainihin birkin. Taurin da kake ji a ƙafa na wata 'yar na'ura ce da aka sa don kwaikwayo. Iska na iya kasancewa a layin kalipa, wato abin da ke matse faifan birki, feda kuma tana nan daram.

Saboda haka kafin ka ɗauko sifana, auna ƙaramin batir na bolt 12. Mota a kashe ya nuna wajen 12.6, in ya yi ƙasa da 12.2 ya raunana. In mota ta nuna READY, alamar ta kunnu ke nan, ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba na'urar da ke caja shi daga babban batir ce abin zargi. Raunin wannan batir kaɗai yakan kunna fitilun gargaɗin birki da na ABS, tsarin da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, feda ta yi tauri. Sai ka jona sikana, na'urar karanta kwamfutar mota, ka rubuta lambobin matsala kafin ka goge su.

In feda ta yi tauri kamar dutse kuma batir lafiya, duba fiyus da fulogin busta. A mai famfo, saurara ko yana kuka in ka taka sau uku, ka bi tiyon ko ya tsage. In mota ta ƙi shiga READY gaba ɗaya, sau da yawa makunnin fitilar birki da ke saman feda ne, kwamfuta ba ta san an taka ba.

In feda na nitsewa ko ta yi laushi, man birki ne. Yana shan danshi: nau'in da ake kira DOT 4 sabo yana tafasa a digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa a 155. Ma'auni ya nuna ruwa kashi 3 cikin ɗari, a canza. Karanta murfin tankin, don da yawa suna son DOT 4 mai tsinkakken jiki, saboda bawul ɗin ABS a lokacin sanyi. Lita ɗaya takan isa. Amma bilidin ɗin gida, wato fitar da iska daga layin birki, yaro a ciki ana ce masa "taka, riƙe", ba ya fitar da iska a nan. Ana ɗora injin matsi a kan tankin, a matsin da ya kai wajen bar 2, sikana kuma ta buɗe bawul ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da kamfani ya tsara. In an canza feda ko busta, dole a sake saita sensar taku, in ba haka ba birki zai riƙa fizga.

Aikin da zai fi zuwa hannunka kuwa tsatsa ce. Tunda moto ke yin yawancin tsayawar, faifan birki na yin makonni bai ji zafi ba, ga gishirin da ake zuba wa tituna da hunturu. Za ka cire taya ka tarar da pad, takalmin birkin da ke goga faifai, mai kauri kamar sabo, amma bayan faifan ya yi ja ya yi ramuka, fil ɗin da kalipa ke zamewa a kansa ya maƙale. Mai mota zai ce feda na rawa ko birki na gurnani. In tsatsar sama-sama ce, a hanya marar cunkoso ka sa giya a N, wanda a yawancinsu ke kashe birkin moto, ka taka da ƙarfi daga kilomita 80 zuwa 20 sau biyar ko shida. In ta ci ciki, auna kaurin faifan da lambar da aka buga a gefensa, ka canza na dama da na hagu tare, ka wanke fil ka shafa girisin silikon, ba baƙin giris da ke kumbura roba ba. Tesla ma ta ce a yi wannan wankin duk shekara ko kilomita 20,000 a inda ake zuba gishiri. Volkswagen ta koma sa birkin ganga a bayan ID.3 da ID.4, wanda ka riga ka sani a hannu.

Akwai ƙorafin da ba ciwo ba ne. Batir ya cika ɗari bisa ɗari ko ya yi sanyi, ba ya karɓar wuta, sai birkin moto ya ragu, mai mota ya zo hankali tashe. Tambaye shi lokacin da abin ke faruwa kafin ka kwance masa komai.

Kafin ka cire kalipa, sa birkin hannu na lantarki a yanayin gyara ta sikana, ka nisanta makulli, ka cire tamina ɗin batir 12 in littafin motar ya ce haka. Wasu motocin na gwada birkinsu da kansu da zarar an buɗe ƙofa, fistin ya fito da ƙarfin da zai murƙushe yatsa. Wayoyi masu ruwan lemo kuma bolt 400 ne, a Ioniq 5 har 800. Ba ruwanka da su sai ka sami takardar horon babbar wuta, kuma ogan gareji zai nemi ganinta kafin ya bar ka ka matso kusa.